Muryar da Na Ƙi Yi wa Sarom

Tun kafin bas ya tashi Rotha ta ja ni bayan wat, gidan ibadarmu, inda ake tara kwalabe.

"Puk, ka ji ni da kyau. In Mae ta sake yi, ko sau ɗaya ne, zan kai ta gidan kula da tsofaffi. Na riga na je na ga wurin. Akwai gado."

"Uwarki tana da gado."

"Tana da gado, amma a bakin babban titi 'yan sanda suka tsince ta, cikin dusar ƙanƙara, da silifa a ƙafa."

"Wannan tun lokacin sanyi ne."

"Tun daga nan ba ta sake ba?"

"Ba ta sake ba."

Ta dube ni, na dube ta. 'Yata ce, shi ya sa take ce mini Puk, wato baba, uwarta kuma Mae. A sansanin gudun hijira na Thailand aka haife ta, a nan Minnesota ta girma. Tana aiki a asibitin haƙori, tana magana kamar mai karanto takarda. Abin da ke faruwa a cikin gidana ba nata ba ne. In Sarom ta sa takalmi a firji, ko ta tambaye ni sunan jikanta, wannan tsakanina da matata ne. Na aure ta ina tuƙa keke mai ƙafa uku a Phnom Penh, tana sayar da taliya a bakin kasuwa. A ƙafa na fito da ita daga Kambodiya. Ba wanda zai ɗauke ta daga ɗakina ya miƙa wa baƙi su riƙa yi mata wanka.

Muka shiga bas. Duk tsofaffin wat ne, sai Rotha da ta biyo mu saboda Turanci. Tafiyar yini da dare ce zuwa birnin da mutanenmu suka buɗe gidan tunawa da waɗanda aka kashe. An ce akwai bangon gilashi da aka rubuta sunaye a kai. Rotha ta aika da sunan wanta, Ponlok, wanda ba ta taɓa gani ba. Tun da Sarom ta ji haka ba ta bar ni na huta ba. Abubuwa da yawa sun fita daga kanta, wannan bai fita ba.

Nhem ya zauna a kujerar da ke gefenmu, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Tare muka yi aikin yankan talotalo a kamfani ɗaya har yatsunmu suka daina miƙewa.

"Ta Khut, wannan kwat fa? Ɗaurin aure za mu je?" in ji shi. A harshenmu Ta ake ce wa tsoho, Yei kuma tsohuwa.

"Ni ina da kwat. Kai fa?"

"Nawa na ajiye shi don jana'izarka."

"To zai ruɓe a akwati."

Yei Pov, gwauruwa, ta shigo da tukunyar shinkafa a ɗaure cikin mayafi. Direba ya nuna mata inda ake sa kaya a ƙasa. Ta zauna ta ɗora tukunyar a cinya.

"Yei, akwai abinci a can," in ji Nhem. "Birni ne."

"Na ji. Sa'ad da ka fara hamma kada ka dubi tukunyata."

Sarom ta yi dariya. Ranar kanta a daidai yake. Ta gyara mini wuyan kwat, ta ce na tsufa da muni. Na ce ita ta zaɓa. Rotha tana bayanmu tana kallo, ni kuma ina sane da ita.

Muka kwana a hanya, da hantsi muka isa.

Gidan ba babba ba ne. Tsohon bene ne tsakanin shagon wanki da shagon gyaran waya. Wata mata ta tarbe mu, haifaffiyar nan, ta kai shekarun Rotha. Ta haɗa hannuwa ta gaishe mu yadda ya kamata. Harshenmu a bakinta a sandare yake, amma tana ƙoƙari. Ta rataya wata ƙaramar lasifika a wuya don kurame su ji.

Ta bi da mu ɗaki-ɗaki. Hotuna. Fartanya. Baƙar riga da baƙin wando a cikin gilashi, da takalmin taya a ƙarƙashinsu. Tana bayani, muna shiru. Me za ta gaya mana? Yei Pov ta tsaya gaban wani cokali ta ce nata ya fi wannan lanƙwasa.

A ɗaki na ƙarshe sun gina bukkar kaba a kan ƙafafun katako, irin wadda aka zuba mu a ciki a ƙauye. Sun jingina ta da bango, sun kewaye ta da igiya.

"Wannan ai gidan gwamna ne," in ji Nhem. "Ina yoyon?"

"Ina kuɗin cizon?" in ji wani daga baya.

Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri.

Bangon sunayen yana cikin wannan ɗakin. Ba taga. Ƙofa ɗaya ce mai faɗi, an buɗe ta biyu. Gilashin ya fi mutum tsayi, an sa fitila a bayansa, sunaye sun cika shi daga sama har ƙasa. Ni karatuna bai wuce na damina biyu a wat ba, tun ina yaro. Tabarau ɗin da nake sawa na tsufa ne, ba na ilimi ba, in babu shi ko fuskar mutum ba na rarrabewa. Sarom ce ta bi layi-layi da yatsa. Ta daɗe. Sai yatsan ya tsaya.

"Ga shi, Ta."

Na sunkuya. Na gane harafin farko.

"Sun rubuta shi daidai," ta ce. Ta goge wurin da bakin mayafinta.

Rotha ta taɓa sunan, ta ja hanci. Sai wayarta ta yi ƙara. Direba ne. 'Yan sanda sun ce ya ɗauke bas daga inda ya tsaya, shi kuma bai san inda zai kai ba.

"Puk, riƙe ta. Yanzu zan dawo."

Ta fita. Matar da ke zagayawa da mu ta kawo tire cike da ƙananan kyandir na batir. Ta ce dokar ginin ta hana wuta a ciki. Kowa ya ɗauki ɗaya ya ajiye gaban sunan nasa, wai in mun fita akwai kasko a tsakar gida inda za a kunna turare. Aka kira ta a ƙofar gaba, ta ajiye tiren ta tafi.

Yei Pov ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Mijina da yunwa ya mutu. Yanzu kuma in ba shi batir?"

"An ce a waje za a kunna," in ji wani.

"Sunansa a waje yake? Hayaƙin zai zagayo ta ƙofa ya nemo shi?"

Ta zura hannu a riga ta fito da turaren tsinke. Sai ga shi kowa ya zo da nasa. Wani daga safa, wani daga hannun riga. Ni ma akwai a aljihun kwat. Ba a zuwa wurin mamaci ba hayaƙi, da shi yake sanin an zo. Nhem ya ƙyasta ashana, muka kewaye shi kamar masu jin ɗumi. Na kunna nawa na ba Sarom, ta riƙe shi da hannu biyu a goshi. Ɗakin ya cika da ƙamshi. Tun da muka shigo, sai lokacin wurin ya yi kama da namu.

Sai ƙararrawar gobara ta fashe.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin ɗaki ba. Wata farar fitila ta kama walƙiya a saman bango. Ƙofar nan mai faɗi ta saki kanta, ɓangarorin biyu suka haɗu da ƙarfi. Ba kulle ta aka yi ba, haka ake yin su don kada hayaƙi ya wuce. Wannan daga baya na sani. A lokacin ba wanda ya je ya taɓa ta. Muka tsaya inda muke, turare a hannu.

Matar ta turo ƙofar ta shigo da gudu. Ta ga hayaƙi, ta ga turare, ba ta tsaya faɗa ba. Ta ƙure lasifikarta.

"Iyayena, ku fita duka! Ku bar kayanku a nan, kada ku ɗauki komai! Na ɗan lokaci ne, yanzu za ku dawo!"

Ba laifinta ba ne. Ba a haife ta ba sa'ad da aka yi. Amma duk wanda yake Phnom Penh ranar da sojoji masu baƙaƙen kaya suka shigo suka ƙwace gari ya san wannan magana. Da lasifika suka bi titi-titi. Ku fita duka, ku bar kaya, kwana uku ne, za ku dawo. Muka fita. Yawancin mutanen layinmu ba su sake ganin ƙofar gidansu ba.

Ba wanda ya yi ihu. Yei Pov ta rungume tukunyarta. Wasu suka kwashi jakunkuna, nasu da na wasu. Suka jeru ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ce su jeru ba, kai a sunkuye, suka bi matar.

Na juya in kama hannun Sarom. Ita ta riga ni. Ta fizge tabarau daga fuskata, ta yar a ƙasa, ta taka. Na ji fashewarsa ta ƙarƙashin ƙarar. A wancan zamanin mai tabarau mai ilimi ne, mai ilimi kuwa ba ya kwana biyu.

Duniya ta zama hazo. Farin haske, duhu, farin haske.

"Bong, zo," ta ce.

Rabon da ta kira ni Bong, yadda amarya take kiran mijinta, tun muna da baƙin gashi. Nan na san ta tafi, hankalinta ya koma wancan zamanin.

Ta damƙe wuyan hannuna. Matar da nake buɗe wa murfin kwalba, ranar ƙarfinta ya fi nawa. Ta ja ni muka tsallake igiya, ta danna kaina ƙasa, muka rarrafa ƙarƙashin bukkar. Ta tura ni har can jikin bango, ta kwanta ta tare ni ta waje. Katako a kan bayana, bango a kafaɗata. Ba wurin zama, ba wurin juyawa. Ƙura ta shiga hancina. Gwiwoyina suka kama wuta.

"Yei, ƙararrawa ce kawai. Turaren Pov ne. Tashi mu fita."

"Yi shiru. In sun tambaye ka, ka ce ba ka iya karatu ba."

"Ai ban iya ba."

"Haka za ka ce. Ka nuna musu tafin hannunka."

"Sarom, Amurka muke. Mun tsufa. Muna da jikoki."

Ta sa hannu ta toshe mini baki. Da ɗaya hannun tana lalube a bayanta, tana jawo wani abu da babu shi zuwa jikinta.

"Kada yaron ya yi tari," ta ce a kunnena.

Na san Rotha tana waje, kuma ba za a bar ta ta shigo ba sai an duba ginin. Wannan ɗan tsakanin shi ne abin da nake da shi. In muka fita yanzu, tsofaffi biyu ne da suka makara. In aka zo aka same mu a nan, an gama.

Na gwada lallashi. Na gwada faɗa irin na miji. Na ce mata shinkafa na kan wuta. Na ce masu baƙaƙen kayan sun wuce. Na yi ƙoƙarin tura ta waje, ta sa ƙafa ta tokare ginshiƙin bukkar. Ni kuma ba ni da wurin da zan ja ƙarfi.

Sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙasa. Ta tsaya a bakin igiya. Wani ya durƙusa yana nishi.

"Khut? Kai ne a nan kamar ɓera?"

Nhem ne. Ya ƙirga kawuna a tsakar gida bai gan mu ba, ya sulale ya dawo.

"Ja ƙafarta," na ce.

"Da wane ƙarfin? Ni da aka sa wa ƙarfe a ƙugu." Ya leƙo. "Yei Sarom, ni ne Nhem. Fito mu je mu ci shinkafar Pov."

Ta matse ni da bango.

"Ta tafi can?" ya tambaya.

"Ta tafi."

"'Yan kwana-kwana sun iso. 'Yarka tana bakin ƙofa tana faɗa da ɗan sanda." Ya rage murya. "Yi mata muryar."

Na yi kamar ban ji ba.

"Kada ka yi kamar ba ka sani ba. Yi mata muryar, ta tashi."

Na sani. Duk mun sani, ba a dai faɗa a wat. In tsohuwa ko tsoho ya koma can, ba ya jin ɗa, ba ya jin miji. Abu ɗaya yake ji. Masu baƙaƙen kayan ba sa tsawa in sun zo ɗaukar mutum. A hankali suke magana, da ladabi, da sunan Angka, wato Ƙungiya. Angka na roƙo. Angka na gayyata. Wanda ya ji haka tashi yake ya bi.

"Ni na yi wa tawa matar," in ji Nhem. "Da haka take wanka, da haka take shan magani, har ta mutu a ɗakinta, a kan gadonta. 'Ya'yan Sim na wat ɗinmu haka suke yi wa uwarsu. Kalma nawa ce? Ka faɗa, ta fito, ka saya mata alewa a hanya. Gobe ta manta."

"Taka ta manta?"



"Girman kan nan naka," ya ce. "Kana kwance cikin ƙura da kwat, kana yi mini sarauta. To ni in yi mata?"

"Ka buɗe baki, in na fito sai na karya maka ɗaya ƙugun."

"In ka fito."

Ban ce ban yi tunani ba. Kalmomin suna nan a bakina, a shirye, ba su tsufa ba. Na san za su yi aiki, don na taɓa ganin sun yi. A gaban bukka irin wannan ne. Wani ya zo da rana tsaka, ya tsaya da hannu a baya, ya ce Angka na roƙon yaron, za a kai shi rukunin yara ya koyi aiki. Ponlok bai gama famfarar haƙori ba. Sarom ta tashi. Ta jiƙa mayafi ta goge masa fuska. Ta kama hannunsa ta miƙa. Har godiya ta yi, don wanda bai gode ba ana lura da shi. Ni ina tsaye da fartanya.

In na yi muryar, haka za ta tashi. Ta karkaɗe zaninta, ta miƙo mini abin da take ɓoyewa a bayanta, ta gode mini.

"Tafi, Nhem."

"Za su ɗauke ta, Khut."

"Na ji. Tafi."

Bai tafi ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ginshiƙi yana zagina ƙasa-ƙasa, ni da kakannina.

Ƙararrawar ta mutu. Sai takun manyan takalma. Haske ya shigo ƙarƙashin bukkar ya tsaya a kanmu. Ban ga fuska ba, sai wani ƙaton abu mai numfashi ta cikin roba. Ya yi magana da Turanci, a hankali, kamar mai kiran kyanwa. Ya miƙo hannu. Sarom ta kafa masa haƙori a safar hannu. Ya janye, ya yi magana a rediyonsa.

Ba a daɗe ba na ji muryar Rotha. Ta kwanta rub da ciki ta shigo har rabin jikinta.

"Mae. Mae, ni ce. Rotha ce."

Sarom ta dube ta. Ta juyo gare ni.

"Bong, wace ce wannan?"

"'Yarki ce."

"Ba ni da 'ya. Kada ka gaya mata komai. Su suka aiko ta."

Gaskiyarta. A inda take, ba a haifi Rotha ba tukuna.

Ban ga fuskar 'yata ba. Numfashinta kawai na ji, ya tsaya, ya dawo.

"Puk," ta ce daga baya. "Ta Nhem ya ce akwai abin da za ka faɗa ta fito."

"Nhem ya cika surutu."

"Akwai ko babu?"

"Akwai."

"To ka faɗa. Motar asibiti tana waje. Ta ciji mutum, ba za su tafi su bar ta ba. In ta fito da ƙafarta, zan ce musu tsoro ne kawai, mu hau bas mu koma gida. Na janye abin da na faɗa jiya. Zan samo mai zuwa taya ka da rana. Ka ji? Na janye. Ka dai fito mini da ita."

Ban taɓa jin Rotha ta janye magana ba. Ni ta biyo.

"A'a."

"Puk!"

"A'a."

"To gaya mini, ni in faɗa."

"Ba da bakin 'yata ba."

"In suka shigo allura za su yi mata. Su ja ta a ƙasa. Daga asibiti ba gida za a sallame ta ba, likita ne zai yanke, ba ni ba. Ka gane abin da nake gaya maka?"

"Na gane."

"Wannan ya fi maka?"

Ban ce ya fi ba. Na zare hannuna daga ƙarƙashina da ƙyar, na ɗora a bayan Sarom. Zuciyarta na bugawa kamar ta tsuntsu.

"Su waɗannan ba ta san su ba," na ce. "Ni ta sani."

Rotha ta kifa goshi a ƙasa. Ta yi abin da za ta yi, ta ja da baya ta fita.

Mutum biyu suka shigo, mace da namiji, da safar hannu shuɗiya. Ba mugaye ba ne. Suka cire igiyar, suka ɗaga gefen bukkar, wani ya tokare ta da kafaɗa. Sarom ta yi kokawa. Ba ta yi ihu ba, a wancan zamanin ba a ihu. Bong kawai take cewa, a hankali, tana ƙara damƙe ni. Na ce mata ina nan. Na yi ta faɗa da muryata, wadda ta sani, har allurar ta kama ta, yatsunta suka saki.

Nhem da wani suka jawo ni ta ƙafa. Na kasa miƙewa, sai da aka ɗaga ni. Aka gungura ta a gadon marasa lafiya, na kama ƙarfen gefe na bi, don ba na ganin hanya. A tsakar gida mutanenmu suna tsaye da jakunkuna. Na ji hannun wata ya taɓa kafaɗata, warin shinkafa ya gaya mini Pov ce. Matar gidan tana kuka tana ba da haƙuri. Na ce mata ba ita ba ce.

Bas ya koma ba mu. Muka yi kwanaki a asibitin birnin, sannan aka mayar da ita Minnesota, wani asibitin. Likita ya kira mu. Ya tambaye ni tun yaushe take haka. Na ce ya tambayi abin da ya shafe shi. Rotha ta fassara masa wani abu dabam. Ba gida aka sallame ta ba.

Inda take yanzu yana da tsabta. Ƙofar ɓangarensu sai an danna lamba take buɗewa. Na ce su ba ni gado kusa da ita, suka ce ni lafiyata ƙalau. Na ce su gwada ni da kyau. Suka gwada, suka ce ƙalau.

Don haka bas ɗin farko nake hawa. Wankan ni nake yi mata, sun gaji da gardama sun bar ni. Nhem ya zo sau ɗaya, ya zauna, ya ce har yanzu ni jaki ne. Rotha tana zuwa bayan aiki. Ba mu sake tayar da maganar ba. Wata rana uwar tana gane ta, wata rana a'a.

Ni tana gane ni kullum. Da na shigo sai ta leƙa ƙofa, ta ga ba kowa, ta zura hannu cikin rigar matashin kai. Rabin abincin jiya ne, a dunƙule cikin takardar goge baki. Shinkafa, wani lokaci da ɗan nama. Ma'aikatan sun ce in suka ƙara samu za su riƙa tsayawa a kanta har ta cinye.

"Ci da sauri, Bong," take cewa. "Ka rame."

Abincin ya yi sanyi, wani lokaci ya fara tsami. Nakan juya wa ƙofa baya in cinye.